Shahararriyar waƙa, kiɗan haya ko naka na kanka: wanne za ka ɗora wa tallarka ta rediyo?

Kusan duk wanda ya zo shirya tallar rediyo yakan zo da wata waƙa a ransa. Ya ji ta, ya ga yadda mutane ke kaɗa kai idan ta tashi, sai ya ce wa furodusa: "Ɗan kiɗan farkon nan kawai za ka sa mini ƙarƙashin murya, ai bai fi daƙiƙa goma ba." Yanko kiɗan da ɗora shi ba zai ci wa furodusa minti biyar ba, kuma wannan sauƙin ne ke ruɗin mutane. Abin da hannu ke gamawa cikin minti biyar, neman izininsa na iya cin wata biyu.

Hanyoyin da ke gaban mai talla ba su da yawa. Ko ya nemi izinin waƙar yadda take, ko ya sa a sake rera ta, ko ya yi hayar kiɗa daga rumbunan da aka tanada don wannan aiki, ko ya sa a tsara masa nasa, ko ya ɗauki abin da ya zama na kowa. Kowace hanya da irin takardar da take nema da irin ramin da ke cikinta. Sai dai ba za a gane bambancinsu ba sai an fara gane abu guda.

Waƙa ɗaya, masu ita biyu

Abin da kunne ke ji a matsayin waƙa guda, doka dukiya biyu take gani. Ta farko ita ce ainihin waƙar, wato baitoci da kari, abin da kowa zai iya rerawa da bakinsa ko a rubuta a takarda. Wannan na marubuci ne da wanda ya tsara kiɗan, kuma galibi sukan danƙa kula da ita ga kamfanin wallafa waƙoƙi. Dukiya ta biyu ita ce naɗin, wato wancan sautin da aka ɗauka a situdiyo ranar kaza da muryar wane. Masu sana'ar suna ce masa masta, kuma yawanci yana hannun kamfanin faifai ko wanda ya biya kuɗin naɗin. Wani lokaci mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun. Sau da yawa ba haka ba ne, har ma akan tarar waƙa guda marubutanta huɗu ko biyar, kowa da kamfaninsa da kasonsa.

Ba sai mai waƙa ya yi rajista ko ya sa wata alama kafin hakkinsa ya tabbata ba. Yarjejeniyar Ban ta 1886, wadda ƙasashe sama da 180 suka shiga, ta tsayar da cewa kariya tana farawa ne ba tare da wani cike-cike ba, kuma waƙar baƙo tana samun irin kariyar da ta ɗan ƙasa ke samu. Don haka zancen "ai waƙar ta wata ƙasa ce, wa zai sani" ba shi da tushe, balle yanzu da manhajoji ke sauraren tashoshi dare da rana suna gane kiɗa daga 'yan daƙiƙoƙi.

Sai maganar da na fi jin mutane suna fakewa da ita: "Gidan rediyon yana da lasisi." Gaskiya ne, yawancin gidajen rediyo suna biyan ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗi a madadin marubuta waƙa, irin su ASCAP da aka kafa a Amurka a 1914, da BMI ta 1939, da PRS ta Ingila, da SACEM ta Faransa wadda ta girme su duka, tun 1851. Wannan lasisin na watsawa ne. Yana ba tashar damar sa waƙa a iska don masu saurare. Bai ba kowa damar yanka waƙar, ya ɗora mata murya, ya kwafe ta cikin sabon faifai, ya haɗa ta da sunan haja ba. Wannan izini ne daban, kai tsaye ake nemansa daga masu waƙar, kuma suna da ikon su ce a'a ba tare da sun ba da dalili ba. Ko a Amurka, inda doka ta ba kowa damar sake rera waƙar da aka riga aka fitar don ya sayar wa jama'a muddin ya biya abin da aka ƙayyade, wannan sassaucin bai shafi talla ba.

Kenan izini uku ake magana: na ainihin waƙar, na masta, da na watsawa. Na ukun yawanci nauyin tashar ne, ko da yake yana da kyau ka tambaye su su tabbatar maka a rubuce. Biyun farko kuwa nauyinka ne kai mai talla ko kamfanin da ya shirya maka ita.

Waƙar yadda take

Amfaninta a bayyane yake. Mai saurare ya san ta, yana da abin da take tuna masa, kuma a rediyo, inda babu hoto, kiɗan da aka sani yana yin rabin aikin kafin mai magana ya buɗe baki. Idan saƙon tallar ya ginu ne kan wannan waƙar kanta, ta yadda in an cire ta tallar ta mutu, to babu abin da zai maye gurbinta.

Amma ita ce hanya mafi tsada da jinkiri, kuma babu jadawalin kuɗi da za ka duba. Ciniki ne, kuma mai waƙa ne ke riƙe da wuƙa da nama. Za ka rubuta wa kamfanin wallafa, ka rubuta wa kamfanin faifai, ka faɗa musu wace haja ce, wane ɓangaren waƙar kake so, daƙiƙa nawa, a waɗanne tashoshi, a wace ƙasa, na tsawon wane lokaci. Su kuma sau da yawa sai sun koma wurin marubucin ko mawaƙin, domin kwantiragin da yawa daga cikinsu ya ba su ikon amincewa ko ƙin amincewa da talla. Akwai mawaƙan da ba sa yarda a sa waƙarsu a kowace irin talla. Akwai masu yarda amma ban da siyasa, ko caca, ko taba. Idan marubutan biyar ne, huɗu suka yarda ɗaya ya ƙi, kamfanin talla mai hankali ba ya taɓa waƙar.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya zama ruwan dare a wannan ciniki: kowane ɓangare yakan rubuta cewa ba za a biya ɗayan fiye da shi ba. Ma'ana, idan ka daidaita da kamfanin wallafa kan wani adadi, sannan kamfanin faifai ya tsaya kan abin da ya fi haka, sai ka koma ka cika wa na farko. Wanda bai san da wannan ba sai ya ga kasafinsa ya kumbura bayan ya ɗauka an gama.

Wani kuskure da ke cin mutane shi ne dogaro da bakin mawaƙi. Ka haɗu da shi, ko ka yi masa magana ta waya, ya ce: "Haba, ba komai, yi amfani da ita." Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma idan ya riga ya sayar da masta ga kamfani, ko ya miƙa waƙar ga mawallafi, to ya yi maka kyautar abin da ba ya hannunsa, kuma ba shi za a kai ƙara ba. Tambayar da ta dace ita ce: "Wa ke da ikon sa hannu?"

Abu na ƙarshe da ke sa ni ɗari-ɗari da wannan hanya shi ne abin da Hausawa suka ce, kayan aro ba ya rufe katara. Ka biya wata uku ko shekara guda, jama'a sun fara haɗa waƙar da hajarka, sai wa'adi ya ƙare. Yanzu mai waƙa ya san kana buƙatarta, kuma sabuntawa ba za ta zo da sauƙi ba sai in tun farko ka sa an rubuta kuɗin sabuntawar. In kuma ba ka sayi keɓancewa ba, wato ya zama kai kaɗai ke amfani da ita, abokin gasarka na iya fitowa da ita gobe.

A sake rera ta: rabin kuɗi, amma da tarko a ciki

Tunda dukiya biyu ce, mai talla na iya sayen ɗaya ya ƙera ɗayar. Ya nemi izinin ainihin waƙar daga mawallafi, ya ɗauko makaɗa da mawaƙi, su shiga situdiyo su yi sabon naɗi. Kamfanin faifai ya fita daga lissafi, sabon masta ya zama naka, kuma za ka iya daidaita kiɗan da tsawon tallar maimakon ka yi ta yanke-yanke. Wannan hanya ce halastacciya, kuma tana da kyau musamman idan abin da kake so karin waƙar ne, ba muryar mai ita ba.

Sharuɗɗa biyu ne. Na farko, idan za ka sauya baiti, ka cusa sunan hajarka inda marubuci ya sa wani abu, dole a rubuta hakan a cikin izinin, kuma galibi sai sun ga sababbin baitocin. Ƙasashe da yawa suna ba marubuci hakkin kare mutuncin aikinsa ko da ya sayar da hakkin kuɗinsa, kuma a Faransa wannan hakki ba ya sayuwa sam.

Na biyun shi ne wanda nake son mai karatu ya tsaya a kansa sosai: kada ka kwaikwayi muryar mawaƙin. A nan ne masu wayo ke faɗawa. Tunaninsu shi ne, tunda ba mu taɓa masta ba, bari mu nemo wani mai irin muryarsa, jama'a su ɗauka shi ne. Kotunan Amurka sun daɗe da rufe wannan ƙofa. A tsakiyar shekarun 1980, kamfanin talla na Young & Rubicam yana shirya wa Ford tallar mota ta talabijin. Sun sami izinin wata waƙa daga mai ita, suka nemi mawaƙiya Bette Midler ta rera, aka ce musu ba ta yi. Sai suka ɗauko wata da ta taɓa yi mata amshi suka ce ta rera kamar ita sak. A 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce sananniyar murya ɓangare ce ta mutum kamar fuskarsa, kuma kwaikwayonta da gangan don sayar da haja ɗaukar abin da ba naka ba ne. Daga baya masu taya alƙali yanke hukunci suka ba ta dala 400,000.

Shari'ar mawaƙi Tom Waits ta fi kusa da mu, domin ita a rediyo ta faru. A 1988 kamfanin Frito-Lay da kamfanin tallarsa Tracy-Locke suka fitar da talla da wani mawaƙi mai iya kwaikwayon dusasshiyar muryar Waits, aka watsa ta a tashoshi sama da 250 a faɗin Amurka. Waits mutum ne da aka sani ba ya yin talla, yana ma faɗin haka a fili. Ya kai ƙara, aka ba shi diyyar da ta haura dala miliyan 2, mafi yawanta ta ladabtarwa ce, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da mafi yawan hukuncin a 1992. Abin lura shi ne ba a kan satar waƙa aka kama su ba. An kama su ne a kan murya, da kuma sa jama'a su zaci mutumin ya amince da hajar.

Ba kowace ƙasa ce ke da doka irin wannan da sunanta ba, amma kusan ko'ina akwai hanyar kama wanda ya sa jama'a suka zaci wani ya goyi bayan hajarsa alhali bai yi ba. Ni a wurina ma ko babu doka abin bai dace ba. Mutum ya shekara ashirin yana gina muryarsa, ya ce ba ya son ta a talla, ka zagaya ka ɗauka ta bayan gida. In za ka sake rera waƙa, sauya mata kama sosai: in namiji ne ya yi ta, ba mace, in mai sauri ce, sassauta ta, ko ka bar kiɗan zalla babu murya.

Kiɗan rumbu

Akwai kamfanonin da aikinsu shi ne tara kiɗan da aka tsara musamman don a yi hayarsa a fim, talabijin, rediyo da talla. Sana'a ce tsohuwa: De Wolfe na Landan ya faro tun 1909, rumbun KPM kuma tun 1956, sannan intanet ta kawo irin su Audio Network da Epidemic Sound. Babban abin da suka fi sauran hanyoyi da shi shi ne kamfani ɗaya ke riƙe da waƙar da masta, don haka takarda ɗaya ta wadatar. Babu jiran amincewar mawaƙi, kuɗin a rubuce yake ko ana samunsa da tambaya guda, kuma galibi kowane kiɗa yana zuwa da yankakkun daƙiƙa 15, 30 da 60, da wanda aka rage masa kayan kiɗa don murya ta fito. A Ingila ma akwai jadawalin kuɗi na bai ɗaya da ƙungiyar MCPS ke fitarwa a madadin rumbuna da yawa. Wanda ke da tallar mako biyu, kuma ana jiranta jibi, wannan ce hanyarsa.

Abin da ka rasa shi ne keɓancewa. Kiɗan da ka zaɓa yana nan ga kowa, kuma ba abin mamaki ba ne ka ji shi ƙarƙashin tallar wani a tasha ɗaya da taka.

Inda ake tuntuɓe shi ne rubutun da shafukan intanet ke yi cewa kiɗansu "ba a biyan kaso a kansa". Mutane sukan karanta wannan su ɗauka kyauta ne, ko kuma biya ɗaya ya buɗe kowace ƙofa. Abin da yake nufi shi ne ba za ka riƙa biya duk lokacin da aka sa ba, amma cikin iyakar lasisin da ka saya. Lasisin yana da matakai. Na ƙasa yawanci na bidiyon intanet ne da shafukan sada zumunta, kuma sau da yawa an rubuta ƙarara cewa ban da tallar rediyo da talabijin. In ka yi rajistar wata-wata, duba ko izinin tallar zai ci gaba bayan ka daina biya. Duba kuma ko marubucin kiɗan ɗan wata ƙungiyar karɓar kuɗin watsawa ne, domin in haka ne tashar za ta buƙaci sunan kiɗan da na marubucin don ta kai rahoto, kuma ta nan ne bawan Allahn ke samun yawancin abincinsa. Ba da wannan bayani ba ya rage ka da komai.

Har a rumbu tarkon kwaikwayo yana nan. A zaɓen 2014 jam'iyyar National ta ƙasar Niyu Zilan ta yi hayar wani kiɗan rumbu da aka tsara shi ya yi kama da wata shahararriyar waƙar Eminem, har sunan kiɗan ma yana nuna hakan. Sun biya, suna da takarda. Duk da haka kamfanin da ke riƙe da waƙar ya kai ƙara, kuma a 2017 babbar kotu ta ce an kwafi waƙar, ta ci jam'iyyar dalar Niyu Zilan 600,000, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 225,000 a 2018. Takardar rumbu tana kare ka ne a kan kiɗan rumbun. Ba ta kare ka daga mai waƙar da aka kwaikwaya. In ka saurari kiɗa, sunan wata waƙa ya faɗo maka nan take, haka zai faɗo wa lauyan mai ita.

Naka na kanka

Wannan ce hanyar da na fi so ga duk wanda ya zo da niyyar zama, wanda zai yi talla bana ya yi baɗi da suna ɗaya. Ka ɗauko mai tsara kiɗa, ka faɗa masa abin da kake sayarwa da wanda kake son ya ji, ya yi maka jingul ko ɗan gajeren kari da zai zama tambarin kunne. Da farko ba shi da ƙarfin shahararriyar waƙa, babu wanda ya san shi. Amma duk lokacin da aka sa shi, kai yake yi wa aiki, kuma bayan shekara biyu jama'a na jin sautin farko za su ambaci sunanka, ba sunan wani mawaƙi ba. Kuɗinsa ya fi na rumbu, yawanci bai kai na shahararriyar waƙa ba, kuma babu wa'adin da zai zo ya katse maka hanzari.

Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan takarda. Mutane da yawa sun ɗauka biyan kuɗin aiki ya mayar da kiɗan nasu. A dokokin ƙasashe da yawa ba haka ba ne: idan mai tsarawar ba ma'aikacinka ba ne, hakkin yana hannunsa har sai ya miƙa shi a rubuce da sa hannu. Haka dokar Amurka ta 1976 ta ce, haka ta Ingila ta 1988 ta ce. A Jamus kuwa marubuci ba ya iya sayar da ainihin hakkinsa, sai dai ya ba ka izinin amfani, wanda za a iya faɗaɗa shi ya zama naka kai kaɗai. Don haka a rubuta wa ke da waƙar, wa ke da masta, ko za ka iya sauya ta gaba, ko za ka iya kai ta talabijin da intanet. Mawaƙi da makaɗan da suka shiga situdiyo su ma kowa ya sa hannu, domin Yarjejeniyar Rum ta 1961 da dokokin da suka biyo bayanta sun ba masu rerawa da kaɗawa nasu hakkin. A Amurka, in 'yan ƙungiyar ƙwadago ne, akan sake biyansu idan tallar ta zarce wa'adin da aka biya su a kansa.

A kuma sa mai tsarawar ya rubuta cewa aikin nasa ne, bai tsakuro sautin kowa ba. Tsakure daga faifan wani, ko na daƙiƙa biyu ne, yana mayar da kai gidan jiya, wato neman izini biyu. Kai ma ka taimaka masa: kada ka kawo masa shahararriyar waƙa ka ce "yi mini irin wannan amma ka ɗan karkata". Faɗa masa yanayin da kake so, saurin kiɗan, kayan kiɗan. Wasiƙar da ka rubuta kana cewa a yi kama da waƙar wane ita ce shaidar farko da za a karanta a kotu.

Shawarata ga mai talla ita ce ya bar wa mai tsarawar kason marubuci na kuɗin watsawa. Ba daga aljihunka yake fita ba, daga abin da tashoshi suka riga suka biya ne, kuma mutumin da ya san zai ci gaba da samu yakan zage damtse ya yi maka aiki na ƙwarai.

Na kowa, na kyauta, da na inji

Hakkin mallaka yana ƙarewa. Yarjejeniyar Ban ta sa mafi ƙaranci shekara 50 bayan rasuwar marubuci, Tarayyar Turai da Ingila da wasu da yawa sun kai shi 70, a Amurka kuma tsofaffin ayyukan da aka wallafa suna iya kai shekara 95 daga wallafawa. Kiɗan Mozart, wanda ya rasu a 1791, ko Beethoven, wanda ya rasu a 1827, na kowa ne. Amma naɗin da wata ƙungiyar makaɗa ta yi masa shekara goma da suka wuce yana da mai shi, kuma a Tarayyar Turai masta yana da kariyar shekara 70. Sabon tsarin da wani ya yi wa tsohon kari shi ma yana da nasa hakkin. Hanyar da ta fita ita ce ka ɗauki tsohon karin ka yi naka naɗin. Waƙoƙin gargajiya kuwa a yi hattara: wasu da ake zaton na kaka da kakanni ne suna da sanannen mai su, wasu ƙasashe kuma sun sa al'adun gargajiya ƙarƙashin kariyar hukuma, sai da izini ake kasuwanci da su.

Lasisin Creative Commons, wanda mai aiki ke ba jama'a damar amfani da aikinsa kyauta bisa wasu sharuɗɗa, iri-iri ne, kuma bai cika dacewa da rediyo ba. Wanda ya hana kasuwanci ya fitar da talla kai tsaye, wanda ya hana sauyawa yana karo da yanka da ɗora murya, kuma kusan dukkansu suna neman a ambaci mai aikin, abin da daƙiƙa 30 ba ta da wurinsa. In kiɗan ya burge ka, rubuta wa mai shi ka nemi izini na daban.

Kiɗan da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa yana da sauri da araha, amma matsayinsa a doka bai gama daidaita ba. Ofishin hakkin mallaka na Amurka ya tsaya kan cewa abin da inji ya yi shi kaɗai ba shi da kariya, kenan wani na iya ɗaukar jingul ɗinka ba ka da bakin magana. A watan Yuni na 2024 manyan kamfanonin faifai uku, Universal da Sony da Warner, sun kai Suno da Udio, masu irin waɗannan manhajoji, ƙara kan zargin amfani da faifansu wajen horar da manhajojin. A shekarar ce kuma jihar Tenesi ta kafa dokar da ta hana kwaikwayon muryar mutum da inji ba da izininsa ba. Don gwajin tunani kafin a kira mai tsara kiɗa, yana da amfani. Don tambarin da za ka gina suna a kansa, ban ba ka shawara ba.

Yadda zan zaɓa

In tallar ta ɗan lokaci ce, kiɗan kuma shimfiɗa ne kawai ƙarƙashin murya, rumbu ya ishe ka, muddin lasisin ya ambaci tallar rediyo da sunanta. In kana gina suna ne na shekaru, sa a tsara maka. In waƙar ce saƙon, kuma kana da kuɗi da lokaci, nemi izini biyun tun kafin ka rubuta tallar, ka kuma riƙe wata waƙar a gefe ko za a ce a'a. In karin kake so ba muryar ba, sake rera ta da sabuwar kama. Abin da ba shi da gurbi a lissafin shi ne "daƙiƙa goma ne kawai", da "na sayi faifan", da "zan ambaci sunansa". Babu wata doka da ta yafe adadin daƙiƙoƙi don talla, kuma sassaucin da dokoki ke yi wa masu sharhi da koyarwa da labarai da wuya ya rufe mai sayar da haja. A Amurka diyyar da doka ta ƙayyade kan aiki guda tana kamawa daga dala 750 zuwa 30,000, ta kai 150,000 in an tabbatar da ganganci, ban da umarnin sauke tallar da asarar lokacin iskar da ka riga ka saya.

Ko wace hanya ka bi, ka sa lauyan da ya san dokar ƙasar da za a watsa tallar ya karanta takardar, kuma ka duba abubuwa biyu da aka fi mantawa. Na farko intanet: yawancin tashoshi yanzu suna watsa shirinsu kai tsaye a shafinsu da manhajarsu, ana ji daga ko'ina a duniya, kuma izinin da ya ce "rediyo, ƙasa kaza" bai zama lallai ya haɗa da wannan ba, balle ɗora tallar a Facebook ko YouTube. Sa a rubuta shi. Na biyu ranar ƙarewa. Talla takan zauna a kwamfutar tasha, wani ma'aikaci ya ci gaba da sa ta don cike gurbi wata biyu bayan izini ya ƙare, kuma takardar neman diyya gare ka za ta zo. Rubuta ranar ƙarewar a jikin sunan fayil ɗin da ka tura musu, ka maimaita ta a takardar odar, sannan mako guda kafin ranar ka aika wa kowace tasha wasiƙa cewa a cire ta.